Abin da Na Ce Na Ji

9 ga Fabrairu

Zuwa ga 'yata, Likitar Kunne,

Yau shekara goma sha ɗaya cif da magatakarda ya kira ni ofishinsa, ya rubuta mini a takarda cewa kotu ba ta da abin da za ta yi da tafintan da ba ya ji. A cikin shekarun nan mahaifinki bai taka ƙofar gidana ba ko sau ɗaya, alhali kakanmu ɗaya da shi. Na fara da wannan ne don kada ki zaci tiyatar da kika yi ta faɗi-tashi har aka yi mini ta wanke komai.

Bayan haka, ina gaishe ki. Yaya aiki, yaya zaman nesa da gida? Mu nan da sauƙi. Uwargidana, Innarki, ce dai ƙafafunta suka ƙara kumbura, matakalar gidan nan sai ta huta sau biyu kafin ta kai sama. Likitan zuciya ya canja mata magani. Ni kuwa wurin da aka yanka a bayan kunne ya warke sarai.

Ranar Talata aka kunna na'urar jin da aka dasa mini. Ɗakin ƙarami ne, ba taga, daga tebur sai kwamfuta sai wani kabad mai ƙofar gilashi. Wata mata mai tabarau, wadda ta ɗan manyanta, ita ce mai saitin. Ta manna mini abin a kai, maganaɗisun ya kama, sannan ta rubuta a allo cewa wayar da aka zura mini cikin kunne tana da ɗigon ƙarfe goma sha shida, kowanne sai an saita shi daban. Idan na ji ƙara, komai ƙanƙantarta, in ɗaga hannu. Daga nan za ta riƙa ƙara ƙarfi har in nuna mata ya isa.

A wasiƙarki ta ƙarshe kin rubuta cewa mahaifinki ya ce kada a damu da ni, wai ban taɓa faɗuwa jarrabawa ba. Na gane inda ya dosa. Shekara arba'in da huɗu ke nan da na zo na ɗaya, shi ya zo na uku, aka ba shi gurbin karatun waje, ni aka ce in jira baɗi. Har yau baɗin bai iso ba. To ki gaya masa wannan ma na ci. Ɗigo goma sha shida, babu wanda matar ta taɓa ban ɗaga hannu nan take ba. Har ta rubuta mini: “Malam, ban taɓa ganin mai saurinka ba.”

Sai dai abin da na dawo da shi gida ba ji ba ne. In aka buɗe famfo kamar ana yaga kwanon rufi. Cokali ya taɓa faranti sai in ji shi a cikin haƙorana. Muryar Innarki kuwa, wadda saboda ita na yarda aka huda mini kai, in ta ɗaga ta sai ta soke ni, in ta yi magana yadda ta saba sai dai in ga baki yana motsi.

Da yamma ta ɗauko littafin da take rubuta mini magana a ciki, ta rubuta: “Yaya muryata? Ta tsufa?”

Na ce, “Kamar ana jan kujerar ƙarfe a kan siminti.”

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, ta rubuta: “Ai tun kana ji haka kake cewa.”

Ga takardar alƙaluman da matar ta buga mini. Ke kika san karatunsu.

Baffanki.

2 ga Maris

Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa, da fatan kun tashi lafiya kai da Inna. Kumburin nan bai yi mini daɗi ba. Don Allah a rage mata hawa da sauka, kuma ta riƙa ɗora ƙafafun a kan matashi in ta zauna. Ni lafiyata ƙalau. Kuma Baffa, sau nawa zan faɗa, ni ba likita ba ce, gwajin ji nake yi, irin aikin mai tabarau ɗinka.

Maganar Baba, wallahi yabo ne. Ina zaune ya faɗe ta. Abin da ke tsakaninku ya girme ni, ba zan sa baki ba.

Ƙarar ƙarfe-ƙarfen da kake ji ba abin tsoro ba ce. Kusan kowa haka yake farawa, sai ƙwaƙwalwa ta yi watanni tana sabawa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne takardar. Bari in yi maka bayani yadda nake yi wa masu zuwa wurina. Kowane ɗigo yana ɗauke da nasa yanki na sauti: na can ciki su ne masu kauri, na bakin hanya su ne masu siriri. Kowanne kuma ana sa masa iyaka biyu. Ta ƙasa ita ce inda ka fara ji da ƙyar. Ta sama ita ce inda ƙara ta cika amma ba ta dame ka ba. Duk maganar duniya, daga raɗa har ihu, na'urar tana matse ta ne ta zuba a tsakanin iyakokin nan biyu. Mai saitin ba ta da kunnenka. Abin da hannunka ya gaya mata shi za ta rubuta.

A takardarka iyakokin ƙasa sun yi ƙasa ƙwarai, kuma duka goma sha shidan kusan kansu ɗaya, kamar an ja layi da rula. Na sama kuma sun yi sama fiye da yadda na saba gani ga wanda ya yi shekara goma sha ɗaya cikin shiru. Yana iya yiwuwa haka kunnenka yake. Amma ka yi haƙuri in tambaye ka, ba don raini ba: duk lokacin da ka ɗaga hannu, ka ji ƙarar da gaske? Kuma da take ƙara ƙarfi, ba inda ya yi maka zafi, ko ka ji fuskarka tana motsi?

Ranar komawarka ka gaya mata daidai abin da ka gaya mini game da muryar Inna. A gaishe mini da ita, a ce ina kewar faɗanta.

'Yarka.

20 ga Afrilu

'Yata,

Gaisuwa. Muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Innarki ta daina sauka ƙasa tun farkon watan nan. Wata ma'aikaciyar jinya tana zuwa kowace safiya ta auna ta. Yatsunta ma sun fara kumbura, rubutunta da yake kamar na ɗab'i yanzu sai na kai shi bakin taga nake karantawa.

Na ga tambayarki. An naɗe ta da ladabi, amma na yi shekara ashirin da shida ina fassara tambayoyin lauyoyi, na san tambayar da ke nufin “ƙarya kake yi” ko da turare aka shafa mata. A kotun nan na fassara wa mai kuka, na fassara wa mai i'ina, na fassara wa tsohon da ba haƙori ko ɗaya a bakinsa. Ban taɓa ce wa shaida “maimaita” ba. Tafintan da ya ce bai ji ba, gobe wani ne a kujerarsa. Sai yau 'yar da aka goya a gabana ce za ta tambaye ni ko na san abin da na ji.

Na koma wurin mai tabarau kamar yadda aka tsara. Wannan karon ta ɗauko wani zagayayyen abu mai baƙin ƙyalle ta kare bakinta da shi, ta ce za ta faɗi kalma ashirin da biyar in maimaita. Na ce ta sauke abin nan, mutum ba ya magana da mutum a bayan labule. Ta rubuta: “Idanunka na san suna ji. Kunnen nake so in gwada.”

Huɗu na samu. Huɗu cikin ashirin da biyar.

Ta dubi takardata, ta dube ni, ta rubuta: “Wannan bai yi daidai da gwajin farko ba. Mu sake saitin tun daga tushe.” Na ce gwajin farko ba abin da ya same shi, sai dai in na'urarsu ce ta banza, ko ita ce ba ta iya furta kalma ba. Na ɗauki hulata na fito. Ta biyo ni har bakin ƙofa da katin wata ranar, na karɓa don kada in kunyata ta gaban mutane.

Yanzu nakan sa abin awa ɗaya ko biyu, in kaina ya fara sarawa in cire in jefa a aljihun tebur. Innarki ta rubuta mini jiya: “An huda maka kai don durowa ta riƙa ji?” Na ce durowar ta fi ni haƙuri. Ba ta yi dariya ba. Ta rubuta: “Akwai maganar da ta fi ƙarfin biro, Malam.” Na ce ta bari sai ta warware.

Ƙasar nan, da makarantunta da kotunanta da asibitocinta, kowa ya karɓi abin da zai karɓa a wurina ya miƙo mini takarda. Ba na bukatar ƙarin darasi. In darasi ne a wasiƙarki ta gaba, ki adana kan sarkinki.

Baffanki.

6 ga Mayu

Baffa,

Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwa in na ɓata maka rai. Yaya jikin Inna? Labarin yatsunta ya tayar mini da hankali.

Ka yi fushi da ni in ka ga dama, amma ka karanta wannan har ƙarshe. Ba jarrabawa ba ce, Baffa. Babu ci, babu faɗuwa. A ɗakin nan wanda ya ce “ban ji ba” shi ne ya taimaki kansa.

In an sa iyakar ƙasa a inda kunnenka bai kai ba, to duk wata magana mai taushi a can za ta faɗa, inda ba ka ji. In an sa ta sama ta wuce abin da za ka iya ɗauka, duk mai ƙarfi za ta zame maka azaba. Abin da ka kwatanta mini ke nan tun wasiƙarka ta farko. In kuma akwai ɗigon da ke motsa maka fuska, kashe shi ake yi, maƙwabtansa su raba aikinsa. Gyaran bai wuce zama ɗaya ko biyu ba. Sabon ne ke cin lokaci, makonni shida, takwas, kana sanye da ita daga safe har dare.

Lokacin ne nake jin tsoro. Mai ciwon zuciya irin na Inna, muryarsa raguwa take yi. Yau tana iya ɗaga ta, nan da wata biyu wataƙila ba za ta iya ba. In biron ma ya gagare ta, da me za ta yi maka magana?

Na sa wata 'yar takarda a ciki zuwa ga mai saitin. Ba sai ka ce komai ba, miƙa mata kawai.

'Yarka.

30 ga Yuni

Baffa,

Ina gaisuwa. Yau mako takwas ban ga amsarka ba. Na kira wayar Inna sau da yawa, jiya ma'aikaciyar jinyar ta ɗauka, ta ce an kawo tukunyar iskar numfashi gida, kuma Inna ba ta tashi daga gado. Na nemi hutu a wurin aiki, sun ce sai Satumba.

Ka je wurin matar? Ko layi ɗaya ne ka rubuto mini. In ba za ka amsa mini ba, ba komai, amma ka je.

'Yarka.

21 ga Satumba

'Yata,

Gaisuwa. Na samu saƙon ta'aziyyarki, na gode. Lafiyata ƙalau, abin kunya ma, ina ci ina barci. Kin ce za ki zo ƙarshen wata. Kafin ki zo gara ki san abin da ba zan iya faɗa miki ido da ido ba.

Wasiƙunki biyu, ta Mayu da ta Yuni, ban buɗe su ba sai bayan an binne Innarki da kwana tara. Na ga kaurin ta farko na ce darasi ne, na sa ta a durowa ƙarƙashin akwatin na'urar. Ta biyu ta bi ta.

Amsar tambayarki ta Maris, ko na ji ƙarar da gaske, ita ce a'a. Kabad ɗin nan mai ƙofar gilashi yana bayan mai tabarau, fuskar kwamfutarta tana fitowa a cikinsa. Duk lokacin da ta aika ƙara, wani ɗan koren abu yakan haska. Shi nake ɗaga wa hannu. In ta yi kamar ta danna don ta gwada ni, ba ya haskawa, sai in zauna abina. Da take ƙara ƙarfi kuwa, na ƙudurta ba zan zama tsohon da ya yi raki gaban mace ba. Ɗigo biyu suna fizgar mini kunci da gefen ido. Na tallafe kuncin da hannu kamar mai tunani. Ban ɗauki abin ƙarya ba a lokacin. Aikina ke nan tun ina saurayi: in duba fuska, in duba hannu, in cike abin da ya ɓace, kada a ga giɓi.

Ranar Laraba, biyu ga Agusta, bayan azahar, ina zaune gefen gadonta. Ma'aikaciyar ta tafi, ba kowa sai mu biyu. Ta ja hannun rigata, ta nuna kunnenta, ta nuna durowa. Na ɗauko na sa. Na miƙa mata biro, ya zame daga yatsunta ya faɗa bayan gado. Robar iska ta rufe mata hanci da baki. Na ɗan ɗaga ta don in ga leɓɓanta, numfashinta ya sarƙe, na mayar.

Sai ta fara magana. Ina ganin robar tana yin hazo tana washewa. Na ji wata babbar mota ta wuce a titi, har idona ya fizga. Na ji an buga ƙofa a ƙasa. Ita kuwa, da ke kusa da ni kamar tsawon hannu, babu. Ta daɗe tana yi, tana hutawa tana ci gaba. Sau ɗaya idanunta suka yi dariya, ni ma na yi. Sau uku ta tsaya tana dubana irin duban mai jiran amsa.

Kalma ɗaya ce ta rage mini in faɗa, wadda ban taɓa faɗa wa shaida ba: “maimaita.” Wataƙila da ta nemi wata hanya, ko ta jira ma'aikaciyar da safe ta gaya mata. Amma na ce, “Na ji.” Na biyu ma na ce, “Na ji.” A na uku ta riƙe wuyan hannuna ba ta saki ba, sai da na ce, “Na ji, zan yi.” Sannan ta saki, ta lumshe ido kamar wadda ta sauke kaya. Washegari ba ta farka sosai ba. Ranar Juma'a ta cika.

Mahaifinki ya zo. Ya tsufa, da sanda yake tafiya, matakalar nan ta ba shi wuya. Ya ɗauki littafin Innarki ya rubuta: “Gurbin karatun nan naka ne. Sanin haka ne ya hana ni zuwa.” Shekara arba'in da huɗu ina jiran wannan layi. Na karanta, na rufe littafin, na ba shi ruwa ya sha.

Na koma wurin mai tabarau da 'yar takardarki, amma ban miƙa ba. Na ce, “Kafin mu fara, ki rufe gilashin can.”

Ta waiwaya ta dubi kabad ɗin, ta daɗe tana dubansa. Ta cire tabarau ta goge. Ta rubuta: “Duka goma sha shidan?”

Na ce, “Duka.”

Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta cire farar rigarta ta aiki ta rataya a kan gilashin, ta juya kujerata ta fuskanci bango. Awa biyu muka yi. Na ce “ban ji ba” ya fi sau ɗari. Ta ɗaga iyakokin ƙasa, ta sauke na sama, ta kashe ɗigo biyun nan.

Yau mako biyar ke nan. Jiya na samu goma sha biyar cikin ashirin da biyar, ta ce zai ƙaru. Ashe agogon falo yana da ƙara. Ashe famfon kicin yana ɗiga. Matar maƙwabcinmu ta gaishe ni a matakala da murya ƙasa-ƙasa, irin ta gaida mai makoki, na ji ta sarai ba tare da na dubi bakinta ba. Mako biyar kawai. Daga ranar da wasiƙarki ta Mayu ta iso zuwa ranar Larabar nan, mako goma sha ɗaya ne.

Na tambayi ma'aikaciyar jinyar ko Innarki ta taɓa gaya mata wani abu da take so a yi. Ta ce a'a, cewa ta yi maganar ta Malam ce. Na bi littattafanta sittin da uku shafi-shafi. Abu na ƙarshe da ta rubuta shi ne: “Ka sa batirin a caji.”

Na yi mata alkawari, ban san na mene ne ba. Ta yi mini magana kusan minti ashirin. Ban ji ko kalma ɗaya ba, kuma ba kowa a ɗakin sai ni.